Wuya da Wuya

Shekara talatin da ɗaya Kawu Inuwa ya yi
yana kiran mota a tashar Aboabo.
Tamale! Bolga! Bawku saura mutum biyu!
Masu koko a ƙetaren titi da muryarsa suke sanin lokaci.

Sai likitocin Komfo Anokye
suka cire maƙogwaron tare da ciwon,
suka bar masa rami, faɗin kwabo, a gindin wuya,
suka ba shi na'ura mai tsawon tocila.
Ya dafa ta ƙarƙashin haɓa, ya danna, ya motsa leɓe.

Tana magana, ba a ce ba ta yi ba,
amma da ƙugin injin aski,
layi ɗaya miƙaƙƙe kamar igiyar shanya.
Harshenmu kuwa da hawa da gangara yake numfashi.
In ya ce wuya, ba mu san ko inda aka yanka yake nufi ba
ko abin da yake sha tun da aka yanka.
Ran nan ya ce kuka,
Inna Lantana ta kama gefen mayafi za ta share masa ido,
ashe miya yake so.
Ya buga wa ƙanensa waya a Bawku,
ƙanen ya kashe, ya zaci kamfani ne ke tallar kati.

Ni ce 'yar ƙanwarsa da ke karatu a Tek,
wadda wancan maƙogwaron ya biya wa kuɗin jarrabawa.
Na zo da kwamfuta, na rufe taga saboda masu babur,
na ce, Kawu, kulle bakinka, danna kawai.
Na naɗi ƙugin shi kaɗai, tsirara, minti uku.
Sannan na ce, to yi magana.

Aikin tsintar tsakuwa ne a cikin shinkafa,
sai dai tsakuwar da shinkafar launinsu ɗaya.
Ina yanka sautin gutsi-gutsi,
kowane gutsure bai kai ƙiftawar ido ba,
in auna ƙugin da ke cikinsa, in ɗebe.
Da farko na ɗebe fiye da kima,
sin da shin suka bi dattin suka tafi,
Kawu ya koma mai magana daga cikin randa.
Ya saurara har ƙarshe,
ya rubuta a bayan takardar magani:
wannan aljani ne, ba ni ba.
A daren aka ɗauke wuta kafin in adana komai.

Inna ce ta tono kaset a ƙasan adaka,
na ranar sunana.
Ga shi can cikin hayaniyar mata da karan faranti
yana shelar Hamdiya, yana jan ƙarshen sunan
kamar motar Bawku ce za ta tashi.
Daga nan na samo inda yake hawa da inda yake sauka,
na yi wata huɗu ina koya wa injin
abin da jariri ke ɗauka kyauta a bayan uwarsa.

Bai dawo duka ba.
Dariyarsa babu ita a cikin lissafina,
kuma na bar ɗan ƙugi da gangan
don in na share shi tas, muryar ba ta kowa ba ce.

Ranar Talata bayan la'asar muka gwada a tsakar gida.
Na rataya masa ƙaramar lasifika a aljihun riga.
Ya daɗe yana kallon Inna tana gyaran alayyahu,
ya danna, ya ce, Lantana, kin ci abinci?
Tambaya ce sosai, da wutsiyarta a ɗage.

Ba ta ɗago ba.
Ta ce, ban ci ba, kai nake jira.
Sai da ta yanka ganye biyu ko uku
wuƙar ta tsaya a hannunta.